Kwanan Zomaye a Tsakar Gida: Yadda Ake Shirya Musu Ɗaki da Abincin Dare

Tambayoyin da masu zomaye suka fi aiko mana daga Garwa, Marwa da Kusiri a Kamaru, da Njamena a Cadi, kusan iri ɗaya ne. Zomo ya wuni lafiya lau, da safe an tarar da shi a mace. Ko an tarar da ƙofar keji a buɗe babu shi. Ko 'ya'yan da aka haifa shekaranjiya sun ragu. Wasu kuma suna tambayar lokacin da ya dace a ba shi abinci, tunda da rana sai ya miƙe ƙafa ya ƙi taɓa komai. Duk amsar tana cikin aikin yamma. Zomo dabba ce ta magariba da asuba, kuma a zafi irin namu mafi yawan ci da shansa tsakanin faɗuwar rana da fitowarta yake yi. A daidai wannan lokacin ne kuma kare, muzuru, tunku, gafiya, maciji da kwarkwasa suke fitowa. Ga matakan bi da bi, don mai zomaye biyu zuwa goma a tsakar gida ko bayan ɗaki.

1. Zaɓi wurin tun kafin ka kira kafinta

Ka nemi wurin da inuwa ba ta barinsa daga hantsi har la'asar sakaliya: gindin dalbejiya ko mangwaro, ko ƙarƙashin rumfa mai tsayi. Ka je ka tsaya a wurin da ƙarfe uku na rana ka gani da idonka, domin inuwar safe tana ruɗin mutum. Ranar yamma ita ce mai kisa.

Bayan kejin ya kalli arewa ko arewa maso gabas. Iskar hunturu daga can take busowa, hadarin damina kuma yawanci daga gabas yake tasowa, don haka a tanadi tabarma a gefen gabas. Ƙofa ta kalli kudu. Gefen yamma a kare shi da zana ko tabarma.

Gargaɗi: kada ka jingina keji da katangar siminti ko ta bulo wadda rana ke duka duk yini. A Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Garwa da Marwa ke haura digiri 40, irin wannan katanga tana ci gaba da fitar da zafi har tsakar dare. A bar tazarar rabin mita aƙalla. Haka kuma a nisanci murhu, janareta, makwancin kare da tulin itace ko bulo, domin nan ne ɓeraye da macizai suke fakewa.

2. Gina ɗakin kwana

Babban zomo ɗaya mai kilo 2 zuwa 2 da rabi yana buƙatar ɗaki mai tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta, kuma na kwana ne kawai, ana sa ran da safe da yamma zai fita ya miƙe ƙafa. Uwa mai 'ya'ya a ƙara mata tsawon ya kai 150. Gwajin yana da sauƙi: zomo ya iya miƙewa tsaye a kan ƙafafunsa na baya kunnuwa ba su taɓa rufi ba, ya kuma iya tsalle uku daga wannan kusurwa zuwa waccan.

A ɗaga kejin sama da ƙasa santimita 80 zuwa 100. Kashi ɗaya cikin uku na cikinsa a rufe shi da katako ya zama lungu mai duhu, da ƙofar shiga mai faɗin santimita 18 zuwa 20. Zomon da ba shi da wurin ɓuya, in kare ya tsaya a ƙarƙashinsa yana haushi, zai yi ta bugun raga har ya karya baya ko zuciyarsa ta tsaya, alhali karen bai ko taɓa shi ba.

Kayan da za ka sa a lissafi don keji ɗaya mai wannan awo:

- katako mai kauri kimanin mita 16, har da ƙafafu huɗu masu santimita 150
- ragar waya mai ƙananan idanu, mita 4 in faɗinta mita ɗaya ne
- fallen kwano ɗaya, da zana ko damin ciyawar rufi
- allon katako na bangon baya da lungu
- ƙarafan rataye ƙofa 2, sakata 2, kwado 1
- ƙusoshi, da ladan kafinta

Farashi yana canzawa daga kasuwa zuwa kasuwa, amma tsarin kuɗin ba ya canzawa: raga ta kirki da katako su ne za su cinye mafi yawan sefarka. Nan ne kuma mutane suke neman sauƙi su sayi ragar kaji mai siririyar waya, wadda idanunta ke da kusurwa shida. Araha ba ta ado. Kare yana yaga ta da haƙori, zomo da kansa yana iya tsinka ta, damina ɗaya kuma ta yi tsatsa. Ka sayi ragar da aka yi wa walda, mai idanu murabba'i da ba su wuce santimita 1 da rabi ba. In yatsanka na ɗan ali ya shige ido har gaɓa ta biyu, ƙaramin maciji da ɗan ɓera ma za su shige. In kuɗi ya gaza, a rage fenti da ado, a yi amfani da tsohon kwano, amma kada a taɓa kuɗin raga da sakata.

A buga ragar ta ciki, ta rufe katakon, domin haƙoran zomo ba sa daina tsiro kuma duk katakon da bakinsa ya kai sai ya gaigaye shi. Katakon da aka shafa wa baƙin mai ko maganin gara kada ya kasance inda zai kai baki.

Daɓen keji iri biyu ne. Ko raga mai kauri wadda kashi ke zubowa ta cikinta, ko sandunan katako ko gora da aka jera da tazarar santimita 1 zuwa 1 da rabi. In raga ce, dole a ajiye allon katako ko tayil ɗaya inda zai riƙa hutawa, in ba haka ba gashin tafin ƙafarsa na baya zai zube, gyambo ya biyo baya. In sanduna ne, tazarar kada ta wuce yadda aka faɗa, don ƙafar ɗan zomo tana faɗawa ta karye.

Rufi kuwa, kwano tsirara tanderu ne. A ɗora zana ko ciyawa a kansa da tazarar tafin hannu don iska ta ratsa, a bar bakinsa ya zarce bango da santimita 30 ta kowane gefe saboda feshin ruwa. Tsakanin kwano da katako kada a bar kafa, a toshe da raga. Ta nan maciji ya fi shiga, musamman in reshen bishiya yana taɓa rufin. A sare duk reshen da ya sauko.

3. Tsare ƙafafu da ƙofa

Kowace ƙafar keji a tsayar da ita cikin gwangwanin madara babba, a zuba baƙin mai ko ruwa da ɗan kananzir a ciki. Wannan yana tare tururuwa, cinnaka da kwarkwasa, waɗanda kan cinye 'ya'yan zomo a dare ɗaya da damina. A riƙa dubawa, domin in ganye ko ƙura ta cika gwangwanin ya zama musu gada. Wanda yake da ƙananan yara masu rarrafe ko kaji masu shan duk abin da suka gani, ya yi amfani da ruwan sabulu da toka a kewaye.

A sama da gwangwanin, a naɗe ƙafar da fallen kwano mai santsi tsawon santimita 30. Ɓera da gafiya ba sa iya hawansa. Ƙarƙashin kejin, in akwai karnuka a unguwa, a kewaye shi da raga ko a sa faranti na tare kashi, don kare yana cizon yatsun zomo ta ƙasan daɓe.

Ƙofa sakata biyu take so, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ƙusa da aka lanƙwasa ko ɗan katako mai juyawa ba kulle ba ne, muzuru yana ture shi, zomo ma yana turewa daga ciki. Kwado kuma na mutane ne, yara masu son wasa da zomo da kuma masu hannu da yawa.

In kana da fili a ƙasa inda suke wasa da rana, a binne raga a gindin shingen zurfin santimita 40, don zomanya gwanar haƙa ce. A rufe saman saboda shaho. Amma kada a bar su su kwana a nan, komai kyan shingen.

4. Kayan cikin ɗaki

Kasko biyu masu nauyi, na ruwa da na dusa. Kaskon yumɓu ya fi roba ta kowace fuska: ba ya kifewa, ba a gaigaye shi, ruwa kuma yana yin sanyi a ciki. Mai ɗaukar lita ɗaya ya isa zomo ɗaya. A jikin raga a ɗaura ɗan kwandon waya na harawa, ɗan sama da daɓe, don abincin da ya taɓa kashi da fitsari shi ne babbar hanyar cutar gudawa da ke kashe ƙanana. A cikin lungu a shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Kada a sa garin katako mai laushi, yana shiga hanci da ido. Kada kuma a sa tsumma ko leda, zai ci su toshe masa ciki, zomo kuwa ba ya amai.

5. Tanadin abinci

Ginshiƙin abincin zomo busasshiyar ciyawa ce da harawa. Ba dusa ba, ba karas ba. Su ne suke sa hanji ya yi ta motsi, su ne kuma suke goge haƙora. Babban zomo yana cin giram 100 zuwa 120 na busasshen abinci a kwana ɗaya. In aka haɗa da wanda yake zubarwa, ka lissafa kilo 4 zuwa 5 a wata. A Marwa, Kusiri da Njamena, inda rani ke ɗaukar wata bakwai zuwa takwas, kowane zomo yana buƙatar tanadin kilo 35 zuwa 40. Ngaundere tana kan tudu kuma daminarta ta fi tsawo, don haka tanadinsu bai kai haka ba.

Lokacin saye shi ne kaka, Oktoba da Nuwamba, sa'ad da ake cire gyaɗa da wake. Wanda ya jira har bazara, ko har masu turkar raguna suka shiga kasuwa gab da Babbar Sallah, zai saya da tsada. Ka zaɓi harawa mai kore-kore da ganye a jiki, ka buɗe tsakiyar damin ka sansana. Warin ruma, baƙin tabo ko farin gari a tsakiya, a bar ta. A ajiye a kan rumfa ko katako, ba a ƙasa ba, nesa da raɓa da fitsarin ɓera.

Harawar gyaɗa da ta wake suna da ƙarfi. Ga uwa mai ciki ko mai shayarwa da 'ya'ya masu tasowa, a ba su yadda suke so. Ga babban zomon da ba ya haihuwa, a gauraya rabi da rabi da busasshiyar ciyawa irin su kyasuwa, harkiya ko guɗe-guɗe. In ya yi ta cin harawa zalla, zai yi ƙiba, fitsarinsa ya yi kauri fari fat ya daskare a daɓe. A tsince ƙarangiya daga ciki kafin a zuba.

Abin ƙari shi ne dusa. Haɗi mai sauƙi: awo 4 na dusar masara, gero ko dawa, awo 1 na dakakken ƙuli marar yaji marar sukari, da ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gishiri a kowane kilo. Wanda ya samu abincin zomo na buhu mai ƙwayoyi, giram 25 ga kowane kilo na nauyin zomo ya isa a kwana.

Gargaɗi uku a nan, kuma duk ukun suna kashewa. Na farko, ƙulin auduga. Yana da sauƙin samu a yankin saboda matatun man Sodecoton, kamfanin auduga na Kamaru, da ke Garwa da Marwa, kuma shanu da tumaki suna ƙiba da shi. Amma cikin zomo ba irin na saniya ba ne, gubar da ke cikin angurya tana taruwa a jikinsa, tana kuma rage wa namiji ƙarfin haihuwa. Mai zomayen gida ya bar shi kawai. Na biyu, abincin kajin gona na buhu: ana yawan sa masa magungunan da kaza ke ɗauka amma zomo ba ya ɗauka. Na uku, gyaɗa, ƙuli ko masarar da ta yi ruma. Zomo yana cikin dabbobin da gubar ruma ta fi saurin lalata wa hanta.

6. Bayan la'asar: ɗanyen ganye

Ganyen da za a ba da magariba a yanko shi tun da hantsi bayan raɓa ta bushe, ko da azahar, a baza shi a inuwa ya yi sa'a huɗu zuwa shida ya ɗan yi yaushi. Kada a bar shi a dunƙule cikin buhu. In ka sa hannu ka ji ɗumi a tsakiya, ya fara ruɓa, zai kumbura ciki.

Masu kyau: ganyen dankalin Hausa, ganyen wake da na gyaɗa, zogale, gadagi, ganyen karas, ganyen ayaba, latas kaɗan. Kabeji ma kaɗan, yana sa iska. Karas ɗin kansa, ɓawon mangwaro da kankana kayan marmari ne, yanki ɗaya ya isa, ba kullum ba.

Waɗanda ba a bayarwa ko kaɗan: tumfafiya, zaƙami, zurma, bini-da-zugu, ganyen tumatir, ganyen dankalin turawa, albasa da lawashinta, tafarnuwa, ganye da 'ya'yan fiya. A lura da lawashi musamman, domin a garuruwan da ake noman albasa sosai kamar Marwa yana cakuɗe da sharar kayan lambu da ake kwasowa daga kasuwa. Ɗanyen ganyen rogo da ɓawonsa, da gyauron dawa ko masakwa mai tohowa bayan an yanke, su ma suna da guba.

Inda aka yanko ma abin dubawa ne. Gonar auduga ana yi mata feshi sau da yawa a damina ɗaya, ciyawar gefenta kuma tana shan rabonta. Haka gonar da aka fesa wa maganin kashe ciyawa, da bakin kwalta, da inda karnuka ke kashi. In yaro kake aika, ka nuna masa wurin da kanka.

Duk sabon ganye a fara da ɗan kaɗan, a riƙa ƙarawa cikin kwana 7 zuwa 10. Wannan ya fi muhimmanci a farkon damina, Yuni zuwa Yuli, lokacin da zomon da ya yi watanni yana cin busasshe ake tula masa sabuwar ciyawa mai ruwa. Gudawar da ke biyo baya tana kashe 'ya'yan da aka yaye cikin kwana ɗaya ko biyu.

7. Abincin magariba, bi da bi

Ka fara kamar rabin sa'a kafin kiran sallar magariba, da sauran haske. Tsarin yana da dalili, kada a juya shi.

Da farko a kwashe duk ragowar safe a zubar, a share daɓe, a cire shimfiɗar da ta jiƙe. Sannan a wanke kaskon ruwa da hannu har santsin nan na gindi ya fita, a cika da ruwan randa. Babban zomo yana shan kusan rubu'in lita a kwana, da bazara ya ninka, uwa mai shayarwa kuwa tana iya shanye lita guda ko fiye. Maganar da ake yi cewa zomo ba ya shan ruwa, ganye ya ishe shi, ita ta kashe zomaye da yawa. Zomon da bai sha ba ba ya cin busasshe.

Bayan ruwa sai harawa: tuli daidai girman jikin zomon, a cusa a kwando. Ita ce za ta kai shi asuba. Sai ɗanyen ganye, cikin hannu ɗaya ga kowane kilo na nauyinsa, a ɗaure a rataye a jikin raga. Dusa ita ce ta ƙarshe: gwangwanin tumatir ƙarami ɗaya ga babban zomo, biyu zuwa uku ga mai shayarwa. A yayyafa mata ruwa kaɗan yadda za ta dunƙule a hannu amma ba ta ɗiga, don busasshiyar dusa tana sa atishawa, mai ruwa da yawa kuma tana tsami kafin tsakar dare.

Kuskuren da aka fi yi shi ne cika kasko da dusa a ce ya ci har safe. Abu uku ke faruwa. Zomo ya ƙoshi da ita ya bar harawa, hanjinsa ya daina motsi. Ragowar ta yi tsami. Ƙanshinta kuma ya kira ɓeraye. Abin da zai cinye cikin sa'a ɗaya kawai za a zuba. Tuwo, shinkafa mai mai, burodi da ragowar miya ba abincin zomo ba ne.

8. Shigar da su da kullewa

In kana zuba dusa a lokaci ɗaya kullum, ka kuma riƙa kaɗa gwangwanin kafin ka zuba, cikin mako ɗaya zuwa biyu za su riƙa zuwa da kansu. Kora da gudu tana sa su tsorace ka, da zafi kuma tana iya kayar da su.

In dole sai an ɗauka, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗayan ya tallafe ɗuwawu, a manna shi a jiki. Ba a ɗaga zomo da kunne. A koya wa yara wannan tun ranar farko. Ƙafafunsa na baya sun fi ƙashin bayansa ƙarfi, in ya yi harbi a iska yana iya karya bayansa. A shigar da shi keji ta baya, ɗuwawu a gaba, don kada ya yi tsalle daga hannu.

Yayin da yake hannunka, duba abu uku: ƙarƙashin wutsiya ko da kashi a manne, cikin kunne ko da ɓamɓaroki, hanci ko da majina. Maza biyu da suka wuce wata uku ba sa kwana ɗaki ɗaya, za su yi faɗa har su fasa wa juna maraina. Namiji da mace ma a raba su, sai in haihuwa ake so. Sabon zomon da aka sayo daga kasuwa ya yi aƙalla mako biyu a keji daban, nesa da sauran, kuma shi za a riƙa yi wa hidima a ƙarshe. Sai a ƙirga su, a zura sakata biyu, a ja ƙofar da hannu a tabbatar.

9. Zagayen bayan isha'i

Minti biyar ne da tocila. A haska ƙasan keji, gwangwanayen ƙafafu da saman rufi, ba idon zomo ba. A cire kaskon dusa. A ƙara ruwa in ya ragu. Sauran aikin ya danganta da lokacin shekara.

Da bazara, zomo ba ya gumi, ta kunnuwa yake fitar da zafi. Daga digiri 30 ya fara wahala, in ya haura 35 rai na cikin haɗari. Kada a rufe kejin da komai da dare. A yayyafa ruwa a ƙasan keji da kan zanar rufi, a rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a gefen da iska ke shigowa ba tare da ya toshe ta duka ba. Ƙaramin tulu cike da ruwa a cikin keji yana ba shi wurin jingina mai sanyi, haka robar ruwa mai ƙanƙara in akwai wuta. Zomon da ya miƙe yana haki, kai a ɗage, baki da hanci a jiƙe, kunnuwa jajur, a kai shi wuri mai sanyi nan take, a shafa masa ruwan randa a kunnuwa, a ajiye ruwan sha kusa. Kada a tsoma shi cikin ruwa, kada a yi amfani da ruwan ƙanƙara.

Da hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, babban zomo ba ya jin sanyin dare in yana da busasshiyar shimfiɗa. Iska da ƙura su ne matsalarsa. A rufe gefe uku da buhu ko tabarma, a bar gaba ko tafin hannu ɗaya ta sama a buɗe. Masu naɗe keji duka da leda suna tara warin fitsari a ciki, shi kuma yake kawo mura da ciwon ido. Kada a sa garwashi, fitilar kananzir ko maganin sauro mai hayaƙi kusa da su.

Da damina, in hadari ya haɗu a sauke tabarmar gabas. Shimfiɗar da ta jiƙe a canja ta a daren, kada a jira safe. Kashin ƙarƙashin keji a kwashe shi kullum, don ƙuda na yin ƙwai a jikin zomon da bayansa ya ɓaci, tsutsa kuma tana ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya.

10. Uwa mai jego

Cikin zomanya kwana 30 zuwa 32 ne. A rana ta 27 ko 28 a sa mata akwatin haihuwa mai tsawon santimita 45, faɗi 30, da baki mai tsayin santimita 12 zuwa 15 don kada 'ya'ya su faɗo, a zuba busasshiyar ciyawa mai laushi. Yawanci da dare ko asuba take haihuwa. A tabbatar kaskon ruwanta a cike yake, domin ƙishirwa da firgici suna cikin abin da ke sa uwa ta cinye 'ya'yanta.

Uwa sau ɗaya take shayarwa a kwana, wani lokaci sau biyu, minti uku zuwa biyar kawai, kuma da dare. Rashin ganinta a akwati da rana ba alamar ta ƙi su ba ce. Da safe a duba: ɗan da ya sha, cikinsa a cike yake fatarsa a miƙe, wanda bai sha ba kuma fatarsa a yamutse. Wanda aka tarar a waje ya yi sanyi, a ɗumama shi a tafin hannu ko cikin riga kafin a mayar. Da hunturu a lulluɓe su da gashin da uwar ta tuge, da bazara a rage gashin. Suna buɗe ido wajen kwana 10, su fara fitowa wajen mako uku, daga nan a sa ido kada ɗanyen ganye ya yi musu yawa.

11. Duban asuba

Kafin ka zuba komai, duba ƙarƙashin keji. Kashi mai yawa, busasshe, ƙwallaye masu girma ɗaya, alamar dare ya yi kyau. Ƙanana masu tauri, ko masu haɗe da zaren gashi, harawa ko ruwa ya yi kaɗan. Akwai kuma wani kashi mai laushi, ƙananan ƙwallaye manne da juna masu sheƙi, wanda zomo ke ci kai tsaye daga duburarsa. Ba cuta ba ce, abincinsa ne na biyu, kada a hana shi. In kana yawan ganin irinsa a zube, dusa ta yi yawa, a rage. Fitsari ja ko ruwan lemo bayan cin wani ganye ba lallai jini ba ne.

In kuwa harawar jiya tana nan yadda aka sa ta, babu kashi a ƙasa, zomo ya duƙunƙune a kusurwa yana cizon haƙora, kada a jira yamma. Zomon da ya yi sa'a 12 bai ci ba yana bakin mutuwa. A cire dusa, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan da sirinji ta gefen baki, a ajiye masa ganyen da ya fi so, a nemi likitan dabbobi ko ofishin MINEPIA, wato ma'aikatar kiwo ta Kamaru, mafi kusa. In zomaye da yawa suka mutu farat ɗaya cikin kwana biyu, wani da jini a hanci, a daina fitar da zomo ko shigo da wani, a sanar da jami'an dabbobi. Ɗakin binciken cututtukan dabbobi na Kamaru, LANAVET, yana Bokle kusa da Garwa, na Cadi kuma yana Farsha a Njamena.

Gargaɗi: kada a ba zomo maganin mutane ko na kaji da ka. Amoksisilin, amfisilin, fenisilin da linkomaisin in aka ba shi ta baki suna kashe ƙwayoyin da hanjinsa ke aiki da su, ya mutu da gudawa bayan 'yan kwanaki. Maganin ƙuma na karnuka mai fifronil shi ma guba ne gare shi.

In komai lafiya, a sabunta ruwa, a ƙara harawa kaɗan, a sake su fili har zuwa ƙarfe tara ko goma, sannan a mayar da su inuwa kafin rana ta yi zafi. Sau ɗaya a mako a fitar da su duka, a kankare daɓe, a wanke da ruwan sabulu, a bar kejin da kaskuna su bushe sarai kafin a mayar da su.